Taɓin hankali a dangi: sai mun faɗa wa masu ba ɗana aure?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Ni uwa ce a Daura. Marigayi maigidana ya yi fama da taɓin hankali, haka ma ƙanensa. Ɗana mai shekara 21 bai taɓa kwanciya ciwo ba, amma wata huɗu ke nan ya bar zuwa shago, ba ya barcin dare, yana cewa 'yan unguwa da shi suke. Baffanninsa sun ce a yi masa aure ya natsu, kuma kada a tayar da zancen mahaifinsa wurin iyayen yarinya, tunda addini ya ce a rufa asiri. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Hajiya, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba yaron nan lafiya.

Da a zancen mahaifinsa kika tsaya, da amsar gajera ce. Hauka yana cikin aibobin da Malikiyya suka ce ana iya warware aure saboda su, amma wanda ke jikin mai auren, ba na ubansa ko baffansa ba. Tarihin dangi kawai bai hana aure. In an tambaye ku kuma, ƙarya haramun ce.

Gado gaskiya ne. A hadisin Bukhari da Muslim, mutumin da ya yi shakkar ɗansa saboda launin fata, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa wataƙila jijiyar kakanni ce ta jawo shi. Likitoci sun ce ciwon taɓin hankalin da suke kira sikizofireniya yana kama kusan mutum 1 cikin 100, amma ga wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi ya kan kai kusan 10 cikin 100. Ki lura, tara cikin goma ba ya kama su. Saboda haka kada ki riƙa kallon sauran 'ya'yanki da tsoro.

Abin da ya canja hukunci shi ne wata huɗun nan. Barin sana'a, rashin barci, zargin ana zancensa, a wannan shekarun da ciwon ya fi bayyana, ga kuma tarihin gida. Yanzu maganar a kan shi kansa take. Hukuncin: a dakatar da neman auren, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ba ya halatta a ɗaura aure alhali an ɓoye wa waliyyin yarinya halin da yake ciki.

Ita kuma hujjar baffanninsa, ban yarda da ita ba. Hadisin rufa asirin Musulmi yana magana ne a kan laifin da bayyana shi ba ya kare kowa. A nan akwai yarinya da za ta kwana ɗaki ɗaya da shi, kuma tana da haƙƙin zaɓi da shari'a ta ba ta. Lokacin da Fatima bint Ƙais ta nemi shawara kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) ya faɗa mata aibin kowannensu a fili: Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, wato mai dukan mata ne. In talauci ya cancanci a faɗa, ina ga abin da ya shafi hankali? Sannan wa ya ce aure magani ne? Hadisin da ya kwaɗaitar da samari su yi aure ya ce wanda ya samu iko, kuma amfanin da ya ambata runtse ido ne da kamewa. Ciyarwa, hidimar biki da haƙƙin mata nauyi ne, kuma damuwa tana cikin abin da ke tayar da ciwon. Ranar da asiri ya tonu, alƙali zai ba matar zaɓi, yaron ya rasa aure, ya ƙara da sunan mayaudari. Ina tambayar baffannin: da 'yarsu ce, za su yarda a yi musu haka?

Ruƙiyya da Alƙur'ani halal ce, ki yi masa da kanki, amma ba ta maye gurbin asibiti. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna. Ki faɗa wa likita labarin mahaifinsa duka. Da yawa daga masu irin waɗannan alamu ba sa kaiwa ga cikakken ciwon, kuma zuwa da wuri yana taimakawa ƙwarai.

Ina roƙon ki don Allah, kada a kai shi gidan mari. Ku mutanen Daura kun ga abin da aka bankaɗo a wani gidan mari a garinku a watan Oktoba na 2019, inda aka samu mutane a ɗaure ana azabtar da su. Ɗaure marar lafiya da duka zalunci ne. Ki bincika a hankali ko yana shan wiwi, domin tana ƙara haɗarin sosai ga mai irin tarihinsa. Kada ki yi gardama da shi kan zargin da yake yi, kada a kira shi mahaukaci a gida. In ya ambaci kashe kansa ko cutar da wani, a ranar za a kai shi asibiti.

In ya samu sauƙi, likita ya gamsu, aka gaya wa yarinya da waliyyinta suka amince, auren ya halatta ba tare da karhanci ba.

Wallahu a'alam.