Ƙararrawar gobara ta dame ni da kukan banza, in cire ta in huta?

Tambaya: Ina da sito na katifu da barguna a Sabon Garin Zariya, kayan da ke ciki sun kai na naira miliyan 18. Bara na sa aka kafa mini ƙararrawar gobara, amma sau biyar tana tashi cikin dare babu wuta, har sau biyu maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana suka zo suka tarar ba komai. Ɗan yayana mai kula da siton ya ce duk zuwa sai an biya, ga kuma kuɗin takardar shaida, jimilla na ba shi naira dubu 140. Yanzu na sa ya cire wayar. Ina so in daina wannan asara, in zuba kuɗin a sarin barguna kafin sanyi, domin an ce ribar tana ninkawa. Me kake gani?

Amsa: Alhaji, a duk wasiƙarka babu inda ka ambaci rasit, babu kwanan wata ko ɗaya, kuma a nan matsalarka take. Ka damƙa tsaron dukiyar miliyan 18 a hannun yaro, ka bar komai a baki babu rubutu, saboda ɗan yayanka ne kuma kana jin nauyin tambayarsa. Ban ce ya ci kuɗinka ba. Wataƙila ya biya duka har ya cika daga aljihunsa. Amma a yau, ko kai ko shi, babu mai iya nuna wa kowa inda dubu 140 ɗin nan suka shiga, ko wa ya karɓa, ko da sunan me.

Kuɗin hukuma yana da suna, yana da takarda. A Jihar Kaduna, tun bayan dokar haraji ta 2016, karɓar kuɗin shigar gwamnati hannu da hannu haramun ne. Ana biya ne ta banki ko ta hanyar da hukumar tattara haraji ta jiha ta tsara, a ba mutum shaida. Saboda haka ka taka da ƙafarka zuwa ofishin hukumar kashe gobara, kada ka aika kowa. Ka nemi a nuna maka a rubuce abin da ake biya don duba gini da bayar da takardar shaidar kariya daga gobara, da tsawon lokacin da takardar take aiki, ka kuma tambaya kai tsaye ko akwai wani caji a kan kiran da aka zo ba a tarar da wuta ba. Abin da aka nuna maka a rubuce ka biya shi cikakke a kan lokaci, domin waɗannan mutane su ne za su shiga cikin hayaƙin katifunka ranar da kowa yake gudu. Abin da ba shi da takarda kuwa, kada ka ƙara fitar da ko sisi a kansa.

Wannan rashin rubutu shi ne ya hana ka gano abin da ke tayar da ƙararrawar. Na'urar gano hayaƙi ba ta bambance hayaƙi da ƙura ko tururi ko ƙwaron da ya shige cikinta; duk abin da ya gitta wa hasken da ke cikinta, za ta yi kuka. Da akwai littafi a siton da ake rubuta rana da lokaci da na'urar da ta tashi da abin da ake yi a wurin a sa'ar, da tuni ka ga bakin zaren. Idan duk kukan ya faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, ƙurar hunturu ce ta cika ta. Idan da tsakar dare ne a lokacin sanyi, a binciki kaskon gawayin maigadi ko maganin sauron da yake kunnawa. Idan ya zo daidai da ɗauke wuta da tayar da janareta, a dubi batiri da haɗin waya da inda hayaƙin janaretan yake bi. Kowanne cikin waɗannan gyaransa kaɗan ne: a share na'urorin, a matsar da wadda ke bakin taga, a sa mai gano zafi a kusa da janareta maimakon mai gano hayaƙi. Sai dai mai kafawa ya lura da rufin kwano, domin yawancin masu gano zafi suna tashi ne a wajen digiri 57, kuma ƙarƙashin kwano a watan Afrilu yana iya kusantar haka.

Akwai kuma abin da ya fi tayar mini da hankali. Sau biyar ta yi kuka, kai ka yanke hukunci cewa duk na banza ne, alhali babu ma'aikacin lantarki da ya hau ya duba wayoyinka. Na san wani mai sayar da yadi wanda ƙararrawarsa ta dinga damunsa, yaron shagonsa ya ɗaure ta da leda don a samu barci. Ashe wata waya ce a saman silin take ɗumi tana ƙona robarta kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi. Ranar da ta kama sosai babu wanda ya ji komai sai da harshen wuta ya fito ta rufi. Yana da inshora, amma da masu bincike suka ga ledar, kuma ya kasa kawo takardar da ke nuna an taɓa duba na'urar, maganar diyya ta zama ja-in-ja da ya daɗe bai fita ba. Kai kuma katifa kake ajiyewa, soso ne wanda yake ci da sauri, hayaƙinsa baƙi mai guba.

Kiran banza ma ba ƙaramin abu ba ne. Motar da ta taho Sabon Gari don ƙurar da ke cikin na'urarka ba za ta kasance a Tudun Wada ko Samaru ba idan wuta ta tashi a can a wannan sa'a. Shi ya sa garuruwa da dama a Amurka suke cin tarar mai gini idan kiran banzansa ya wuce adadin da aka yafe a shekara, kuma a Landan tun watan Oktoban 2024 'yan kwana-kwana suka daina fita da rana don kukan ƙararrawa kaɗai a yawancin shaguna da ofisoshi, sai wani ya kira ya tabbatar da wuta. Ka koya wa maigadi cewa in ta tashi ya duba nan take. In ya ga wuta ko hayaƙi ko ya ji ƙauri, ya kira 112 ko lambar ofishin kashe gobara mafi kusa ba tare da jiran izininka ba, in kuwa ba komai ya rubuta a littafi.

Batun ribar barguna mai ninkawa, ba ni da haƙuri da shi. Dubu 140 ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na kayanka ba. Ko da sun ninka yadda aka faɗa maka, abin da ban yarda ba domin duk masu sarin barguna sun san sanyi yana tafe, ka ci dubu 140 kana kasadar miliyan 18 da shagunan maƙwabtanka. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris ɗin 2021. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A mayar da wayar nan yau, kafin a rufe sito. Ka kira wanda ya kafa ta, tare da ma'aikacin lantarki na daban wanda ba shi ya yi maka wayarin ba. Ka sayi littafi mai bango, a rubuta gwajin kowane wata, da ranar da aka duba tukwanen kashe wuta, waɗanda ya kamata a duba duk shekara kuma allurarsu ta tsaya a kan kore. Ɗan yayanka kuma ka zaunar da shi ku biyu, ba a gaban yaran shago ba, ka ce masa daga yau duk kuɗin da ya fita sai da rasit, har wanda kai da kanka ka fitar, sannan ku tafi ofishin tare ya nuna maka wanda ya biya.