Amsa kan ƙwayoyin halittar da ke kewaye da jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa

Ɗan'uwa, ka tambaya: tunda DNA ɗaya ce a duk jiki, me ya sa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke tare wasu magunguna, na hanta kuwa ba sa tarewa?

Littafin ɗaya ne, amma kowace ƙwayar halitta da shafukan da take karantawa. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyar jinin ƙwaƙwalwa suna kunna jin (gene, wato shafi ɗaya na DNA) mai suna CLDN5 sosai, wanda ke yin furotin da ke liƙe su da juna gam, kamar an shafe tsagar bango da siminti. Sukari kuwa dole ya shiga, sai suka buɗe masa ƙofarsa, GLUT1. Akwai kuma mai gadi, P-glycoprotein, da ke tura baƙo ya koma cikin jini. Ka san loperamide, maganin gudawa? Dangin opiyom ne fa, amma a adadin da likita ke bayarwa wannan mai gadin ba ya barin sa ya taɓa ƙwaƙwalwa.

A bayan jijiyar akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira perisait, masu kunna nasu jin ɗin, PDGFRB, da ƙafafun wasu ƙwayoyin da ake kira astrosait, masu AQP4, mashigar ruwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne binciken Jami'ar Stanford da ya fito a Nature a 2022. Sun duba ƙwayoyi 143,793 daga ƙwaƙwalwar mutum 17, suka tarar aƙalla 30 cikin manyan jin 45 masu alaƙa da cutar mantuwa ta Alzaima suna aiki a waɗannan jijiyoyin. Wasunsu ma a ɓera ba a nan ake samun su ba, shi ya sa nake taka-tsantsan da sakamakon gwajin ɓera.