Tambayoyin Masu Karatu: Alamar Gicciye da Aƙidar Triniti

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina yawan ganin 'yan ƙwallo suna taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu idan za su shiga fili, amma maƙwabcina da ke zuwa cocin ECWA ya ce su ba sa yin haka. Mece ce ma'anar wannan alama, kuma mene ne haɗinta da Triniti? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, Malam. Abin da kake gani shi ne alamar gicciye, kuma a wurin masu yin ta addu'a ce da ake yi da hannu da baki tare. Ɗan Katolika yakan taɓa goshi, ya sauko ƙirji, ya taɓa kafaɗar hagu sannan ta dama, yana cewa, "Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, amin." Hannun yana zana gicciyen da Kiristoci suka yi imani Yesu Almasihu ya mutu a kansa, kalmomin kuwa daga Matiyu 28:19 aka ɗauko su, kuma da su ake yi wa mutum baftisma.

Al'adar ta daɗe ƙwarai. Wajen shekara ta 200, Tertullian, malamin coci a Kartej da ke ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta cewa Kiristoci suna zana ta a goshi lokacin fita da shiga, da sa tufafi, da cin abinci, har da kunna fitila.

Triniti ita ce aƙidar cewa Allah ɗaya ne a zatinsa, amma Uba ne, Ɗa ne, Ruhu Mai Tsarki ne, ba tare da ɗayansu ya zama ɗayan ko ya fi ɗayan ba. Tarukan manyan limaman coci a Nikiya a shekarar 325 da Kustantiniya a 381 ne suka tsara lafazinta bayan doguwar muhawara. Kiristoci ba su yarda a ce alloli uku suke bauta wa ba, Alƙur'ani kuwa ya ƙi aƙidar a fili a Suratun Nisa'i, aya ta 171, don haka a nan addinan biyu suka rabu sosai, kuma a ganina ɓoye wannan ba ya taimakon kowa.

Mabiya cocin Otodoks na Girka da Rasha suna haɗa babban yatsa da manuni da na tsakiya domin nuna Triniti, su lanƙwashe sauran biyun a tafin hannu domin nuna allahntaka da 'yan'adamtakar Almasihu, kuma da kafaɗar dama suke farawa. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, domin lokacin da Nikon, shugaban cocin Rasha, ya wajabta yatsu uku maimakon biyu a shekarun 1650, hakan yana cikin abubuwan da suka tsaga cocin.

Maƙwabcinka gaskiya ya faɗa maka. ECWA da mafi yawan majami'un Furotesta sun yi imani da Triniti, sai dai ba sa yin alamar saboda Littafi Mai Tsarki bai umarce ta ba, ko da yake Martin Luther, jagoran farko na Furotesta, da kansa ya shawarci mabiyansa su riƙa yin ta safe da dare.