Daga Ada zuwa Zambezi: Shin Gwanintar Ruwan Kwance Ta Isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Nima ne a Accra, kuma na daɗe ina tuƙa ƙaramin kwale-kwale mai cin mutum ɗaya a Ada da Akosombo, a kan kogin Volta. Ina son shiga kwazazzabon Batoka na kogin Zambezi, a ƙasan magangarar Victoria. Shin gwanintata ta isa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiyar magana, ba ta isa ba tukuna. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, sannan ta Kpong a 1982, ruwan Volta da ka saba da shi ya zama mai ladabi, yana ƙarfafa damtse amma ba ya koyar da karatun ruwa. Masana sun kasa wahalar koguna zuwa mataki 6, kuma Batoka na da wurare da dama na mataki na 5, inda kuskure ɗaya kan iya cin rai.

Abin da ya fi damuna shi ne ramin ruwa. Idan ruwa ya zubo ta kan dutse da ƙarfi, na samansa kan juyo baya, ya riƙe mutum yana jujjuya shi a wuri guda. Kuma da yake farin kumfan nan cike yake da iska, filafili ba ya samun abin kamawa, rigar ceto ma ba ta ɗaga mutum yadda ya kamata. Saboda haka wajibi ne ka iya miƙar da kwale-kwalenka bayan ya kife ba tare da ka fita ba, ta dama da ta hagu, a cikin ruwa mai fushi. Idan kuwa ka faɗo, kada ka yi yunƙurin tsayawa, domin ƙafa kan maƙale tsakanin duwatsu. Ka kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba.

Shawarata ita ce ka fara da kogin Nilu a Jinja ta Uganda tare da malami, ko da yake madatsun Bujagali da Isimba sun haɗiye wani sashe na wuraren tuƙi. Daga nan ka nufi Zambezi tsakanin Agusta da Disamba, lokacin da ruwa ya ja baya, da hular kwano da igiyar ceto da jagora ɗan wurin. A gangara ta 9 (an jera wuraren ruwa mai fushi na Batoka da lamba bi da bi), hatta masu jiragen roba na haya sauka suke yi su zagaye ta kan duwatsu, kai ma ka bi sahunsu.