Yadda Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aiki

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka gane ko bayanin da ka rubuta wa kayan aikin wakilin ƙirƙirarriyar basira (wato manhajar da ke gudanar da aiki da kanta ta hanyar kiran wasu manhajoji, waɗanda su ne kayan aikin) yana da inganci, ganin cewa wakilin naka yakan ɗauki wanda bai dace ba. Ka tuna cewa wakilin ba ya ganin manhajar da ke bayan kayan aikin. Abin da ke gabansa kawai shi ne suna, da bayani, da tsarin JSON Schema, wato rubutun da ke fayyace abubuwan da zai shigar da siffarsu, kuma haka lamarin yake a ƙa'idar MCP (Model Context Protocol, hanyar haɗa ƙirƙirarriyar basira da kayan aiki) da kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024.

Gwajin farko shi ne ka miƙa bayanin ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba. Idan ya tambaye ka yadda ake rubuta kwanan wata, ko kuma da wane ma'auni ake lissafin lokaci, daƙiƙa ko minti, to wakilin ma zato zai yi a daidai wannan wuri.

Amma a ganina matsalarka ta fi kama da ta kayan aiki biyu masu kamanceceniya, misali mai neman abokin ciniki da suna da mai nemansa da lamba, kuma maganinta shi ne kowane bayani ya faɗi lokacin da bai kamata a yi amfani da shi ba. Bayan haka ka tsara ayyuka na gaske, ka karanta kowane mataki da wakilin ya ɗauka, ka riƙa gyara jimla ɗaya kafin ka maimaita gwajin, domin ka san ainihin gyaran da ya yi tasiri.