Likita, Barci Ya Hana Ƙanena Sakat Tun Da Ya Fara Shan Magani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ɗan shekara 26 ne, an kwantar da shi a asibiti saboda taɓin hankali, yana jin muryoyi kuma ba ya runtsawa. An sallame shi da olanzapine, miligiram 10, yana sha da safe. Alhamdulillahi muryoyin sun tafi, amma yanzu sai ya yi awa 13 yana barci, ko ya tashi ma gyangyaɗi yake yi. Ya yi ƙiba, ya fara minshari. Na taɓa samun sa tsakar dare yana cin abinci, da gari ya waye ya ce shi bai san an yi ba. Abin ya ƙaru bayan ya daina shan taba. Babanmu ya ce lalaci ne, a daina ba shi maganin. Ina mafita? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaishe da Baba, ki kuma ce ina roƙonsa kada a tsayar da maganin nan. Ba lalaci ba ne, aikin ƙwayar ne.

A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna histamin, wanda yana cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke. Olanzapine na toshe masa hanya, kamar yadda Piriton ke yi har mai mura ya kama hamma. Tun chlorpromazine, wanda likitocin Faransa suka fara gwadawa a kan masu wannan ciwo a 1952, aka san haka. A cikin magungunan wannan ciwo, chlorpromazine da clozapine da quetiapine da olanzapine su ne kan gaba wajen sa barci. Haloperidol da aripiprazole ba su kai su ba, na biyun ma yakan hana wasu barci.

Abin da ya tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne shan sa da safe. Olanzapine kan ɗauki kusan awa 30 kafin rabinsa ya fita daga jiki, don haka sau ɗaya a rana ya wadatar, kuma da yawa daga cikin likitoci da dare suke ba da shi domin nauyin barcin ya faɗo lokacin kwanciya. Ku koma wurin likitansa ku nemi a duba wannan. Sau da yawa jiki kan saba da kasalar bayan 'yan makonni. In bai saba ba, likita na iya rage adadin ko ya sauya masa wani.

Maganar taba kuwa, kin yi kyan kai da kika ambace ta, don mutane kaɗan ne ke lura. Hayaƙin taba na sa hanta ta riƙa sarrafa olanzapine da clozapine da sauri. Mutum na dainawa sai maganin ya taru a jini fiye da dā, alhali ƙwaya ɗayar ce yake haɗiya. Kada ya koma wa tabar. Likita za a gaya wa, ya daidaita masa maganin.

Cin abinci cikin magagin barci ma an san shi da olanzapine da quetiapine. A kawar da wuƙa da ashana daga inda hannunsa zai kai da dare. Minsharin ne nake so ki sa wa kunne: in numfashinsa na ɗaukewa na ɗan lokaci sannan ya zabura da shaƙewa, ƙibar ta fara matse masa hanyar iska. Mai wannan matsala ko ya kwana awa 13 ba ya hutawa. A auna nauyinsa, a gwada sukarin jininsa, domin maganin na iya tayar da shi.

Kafin ku ga likita, ya riƙa tashi a lokaci guda kullum, ya fita ya sha hasken safiya, ya ɗan taka da ƙafa. Kada ya tuƙa mota ko babur yana wannan gyangyaɗi. Giya, tiramol, kodin da diazepam duk suna ninka barcin, har su iya danne numfashi.

Idan aka yanke maganin farat ɗaya, abin da ke fara biyowa baya shi ne rashin barci, sannan muryoyin su dawo. Duk ranar da kuka ga ya kwana biyu ko uku ido biyu, ku kai shi asibiti. In kuma ya ƙi farkawa duk da girgiza shi, ko jikinsa ya sandare da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, ku garzaya da shi nan take, ko da tsakar dare ne.