Amsa: Tagullar Takedda a cikin dutsen yashi

Ka tambaya yadda aka yi tagulla ta samu a Azelik, yammacin Agadas, alhali wurin dutsen yashi ne kawai, babu dutse mai aman wuta. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya kawo ta. Ruwa mai gishiri ya narkar da tagulla daga wasu duwatsu, ya bi ta ƙofofin yashin, ya ajiye ta inda sinadaran dutsen suka canza. Shi ya sa take kwance a siraran shimfiɗu, wani lokaci ƙananan ƙwayoyin jan ƙarfe tsantsa. Masana da dama na ganin Azelik ce Takedda, tsohon garin tagullar da matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, ya sauka a 1353. Ya ce ana zuba tagullar sanduna, ana sayar da masu kauri guda 400 a bakin miskali ɗaya (ma'aunin nauyi) na zinariya, ana ciniki da su kamar kuɗi, ana kuma kai su Gobir da Borno.

Sai dai kada koren tabo a jikin dutse ya ruɗe ka. Na sha ganin masu neman ma'adinai sun ɗauki koren nan a matsayin arziki, alhali 'yar tagulla kaɗan ta isa ta rina dutse gaba ɗaya. Shimfiɗa siririya takan ishi maƙera masu tsinta da hannu, amma ba ta biyan kuɗin injina. Garin Azelik ya durƙushe wajen ƙarni na 15, lokacin da Agadas ke tasowa. Da kamfanoni suka dawo yankin a zamaninmu, yuraniyam suka zo haƙa.